Haƙƙin 'ya'ya a kan iyaye: abin da dokar Gana ta tanada

A zangunan Savelugu, Yendi, Salaga da Bawku, inda Hausawa suka daɗe da zama, akan kai rigimar ciyar da 'ya'ya gaban limami ko sarkin zango. Sai dai akwai dokar ƙasa da ta hau kan kowane mahaifi, ɗan ƙasa ne ko baƙo: Dokar Yara mai lamba 560 ta shekarar 1998. Gana ce ƙasa ta farko a duniya da ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara, a 1990.

A wurin dokar, yaro shi ne duk wanda bai cika shekara 18 ba. Ta wajabta wa iyaye ci da sha, da kula da lafiya, da matsuguni, da ilimin farko, tare da kare yaro daga cin zarafi da sakaci. Wannan nauyi yana nan ko da aure ya mutu, ko ma ba a taɓa ɗaura shi ba. Yi wa jariri rajistar haihuwa ma aikin iyaye ne, kuma kyauta ne cikin watanni 12 na farko. Idan uwa za ta fita, ba a barin jaririn da bai kai wata 18 ba a hannun wanda bai kai shekara 15 ba.

Riƙo al'ada ce mai ƙarfi tsakanin Hausawa da Dagomba. Dokar ta ɗauki mariƙi a matsayin mahaifi, don haka gwaggon da aka ba ta yarinya ta ɗauki nauyin karatunta da lafiyarta.

Game da aiki, yaro na iya yin aiki mara nauyi daga shekara 13, a ɗauke shi aiki daga 15, amma aiki mai haɗari sai ya cika 18. Dakon kaya masu nauyi na cikin ayyukan haɗari da dokar ta lissafa, abin da ya shafi 'yan matan arewa da ke tafiya kasuwannin Kumasi da Akara yin kayaye. Aure kuwa, kowane iri ne, ba a ɗaura shi ƙasa da shekara 18, kuma ba a tilasta wa yaro baiko. Wanda ya saɓa na iya fuskantar tara, ko ɗaurin da bai wuce shekara 1 ba, ko duka biyun.

Idan uba ya ƙi ciyarwa, uwa ko mariƙi na iya fara kai kuka ofishin jin daɗin jama'a na gunduma, ko sashen 'yan sanda na DOVVSU. Idan sulhu ya gagara, sai kotun iyali, wadda alƙalin kotun gunduma ke jagoranta tare da jami'in jin daɗin jama'a. Kotun kan duba samun iyayen biyu kafin ta yanke kuɗin ciyarwa, tana kuma iya ɗora wa uba kuɗin awo da haihuwa, da na kula da uwar har wata 9 bayan ta sauka. Umarnin kan ƙare idan yaro ya cika 18, amma ana iya tsawaita shi idan yana karatu ko koyon sana'a. Ƙin ciyar da yaro laifi ne da ke iya jawo ɗaurin wata 6.