Keɓe Hanyar Sadarwar Injinan Masana'anta daga Intanet: Sharuɗɗa da Iyakoki

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci yadda ake kafa keɓaɓɓiyar hanyar sadarwa domin sarrafa injinan masana'anta, ta hanyar duba ƙa'idojin IEC 62443 da abin da ya faru a Natanz ta ƙasar Iran. Ta nuna cewa raba hanyar da intanet sharaɗi ne na farko kawai, kuma babban aikin yana ga lura da duk abin da ke shiga cikinta.

Gabatarwa

A shekarar 1979 kamfanin Modicon ya fito da tsarin Modbus, wanda har yau na'urorin PLC da dama masu sarrafa injina ke musayar bayanai da shi. Tsarin ba ya tantance mai ba da umarni. Duk kwamfutar da ta isa mashiga mai lamba 502 na iya sauya gudun inji ko ta buɗe bawul, kuma na'urar za ta bi. An ƙirƙiri tsarin a zamanin da injina ke magana da junansu kaɗai, shi ya sa keɓewa ta zama dole.

Tsarin Kafawa

Ana ba kowace na'ura adireshi tsayayye daga rukunin da aka ware don amfanin cikin gida, irin 192.168.0.0, a kuma rubuta shi a kundi. IEC 62443 ta buƙaci a kasa na'urorin zuwa shiyyoyi gwargwadon haɗarinsu, a tsara mashigar da ke tsakanin shiyya da shiyya. Abin da aka fi mantawa shi ne agogo. Hanyar da ba ta da intanet sai ta samo lokacinta a cikin gida, yawanci daga na'urar GPS. In agogunan suka saɓa, injiniya ba zai gane wace matsala ta riga wata ba ranar da inji ya tsaya. Inda ake yawan komawa kan janareta kuwa, batirin ajiyar wuta ga na'urorin sadarwa wajibi ne.

Darasin Natanz

Manhajar Stuxnet, wadda aka gano a 2010, an ƙera ta ne don ta iya yaɗuwa ta filashi. Ta nemi manhajar Step 7 ta Siemens da ake shirya PLC da ita, ta sauya gudun injinan tace yuraniyom na cibiyar Natanz, tana ɓoye sauyin ga masu lura. Cibiyar na keɓe, amma filashi da kwamfutocin 'yan kwangila suna ƙetare iyakar.

A ra'ayin wannan bincike, nan ne ya kamata a fi kashe kuɗi: a ware kwamfuta guda don shirya PLC wadda ba ta barin masana'anta, a binciki kowane filashi a wata kwamfuta dabam kafin ya shiga, a toshe ramukan wayar da ba a amfani da su. Idan ofis na buƙatar alƙaluman aiki, a fitar da su ta na'urar da ke wuce da bayani waje amma ba ta karɓar komai.