Tarihin cutar da ke sa shanu ɓari

Jama'a, masu shanu musamman, ga ɗan tarihi. A 1984 aka fara ganin wata ƙwayar cuta a jikin karnuka a Norway. A 1988 masana a Amurka suka raɗa mata suna Neospora caninum. Sai 1998 aka tabbatar kare ne ke zubar da ƙwanta a kashinsa, saniya ta ci a ciyawa ko ta sha a ruwa, ciki ya zube. A 2004 aka gano dilan Amurka ma na yaɗa ta, a 2011 kuma kyarkeci. To su a ina suke kwasowa? Wajen cin ɗan ɓari da mabiyiyar da aka yar a fili. Ni dai shawarata, a binne su da zurfi, don har yau babu maganin da ke raba saniya da ita.