Daga Gyartai Zuwa Kafinta: Tarihin Gyara a Ɗakin Bahaushiya

Gabatarwa

A ƙasar Hausa ɗaki na mace ne. Miji ne ke gina shi ko ya kama hayarsa, amma abin da ke ciki, tun daga gado har ludayi, iyayen amarya ne ke kawowa bisa al'ada, kuma mallakarta ne ita kaɗai. In aure ya mutu, da kayanta take fita. In yunwa ta shigo gida, su take ɗaga wa dillaliya. Saboda haka duk mai son sanin yadda tattalin arzikin gidan Bahaushe ya sauya daga ƙarni na 19 zuwa yau, ya leƙa ɗakin amaryar kowane zamani zai ga amsa a jere.

Wannan maƙala ta bi sawun abu guda a cikin wannan ɗaki, wato gyara: ɗinke abin da ya yage, liƙe abin da ya huje, da sabunta abin da ya tsufa. Abin da tarihin ya nuna shi ne, gyara tsohuwar sana'a ce mai mutunci a wurin Hausawa, kunyar da ake ji game da shi kuwa baƙuwa ce da ba ta daɗe da zuwa ba, kuma iyayen 'yan mata ne ke biyan kuɗin wannan kunya.

Zamanin Ƙwarya da Mazari

A watan Fabrairu na 1851 matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, wanda ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya shigo Kano. Abin da ya fi ɗaukar hankalinsa shi ne tufafi. Ya ƙiyasta cewa kayan saƙa da rini na Kano kan kai darajar wuri miliyan 300 a shekara, ana kai su har Tumbuktu da Tarabulus. Wannan dukiya kuwa daga cikin gidaje take farawa. Mace ce ke gurza auduga, ta shiɓe ta, ta kaɗa da mazari, sannan zare ya tafi wurin masaƙi, daga nan marina, daga marina sai mabuga. Wadda ta san yawan kwanakin da zare ke ci kafin ya zama zane ba ta jefar da zane don ya yage. Sai a yi masa faci. In ya gaji ya koma goyon yaro, daga goyo ya koma gammo ko tsumma, tsumman ma ƙarshensa lagwanin fitila.

Kayan ɗakin wancan zamani duk daga ƙasar da ake zaune a kai suke fitowa: gadon kara ko na ƙasa, tabarmar kaba, faifai, adudu na ajiye tufafi, akushi daga masassaƙa, da ƙorai iri-iri, tun daga masaki har ƙoƙo. Ƙasan ɗakin ma aikin mata ne, su taru su yi daɓe da waƙa, su shafe shi da makuba da ake samu daga ɓawon ɗorawa, in ya farfashe a sake taruwa. Littafin Baba of Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakin Baba a 1949 zuwa 1950 aka buga a 1954, ya adana hoton irin wannan rayuwa ta matan karkarar Zazzau, inda kaɗi da hidimar aure ke tafiya tare.

A cikin wannan tsari ne gyartai ya sami gurbinsa. Sana'arsa ɗinkin ƙwarya. Yakan bi gida-gida, a miƙo masa wadda ta tsage, ya huhhuda gefen tsagar, ya ɗinke ta tsaf har ta sake riƙe gari ko hatsi. Samuwar suna na musamman ga mai wannan aiki shaida ce babba, domin harshe ba ya raɗa wa abu suna sai jama'a sun daɗe suna bukatarsa. Ƙwaryar da ke ɗauke da ɗinkin gyartai ba abin ɓoyewa ba ce. Alama ce ta cewa mai ɗakin tana da tattali, tattali kuwa yana cikin abubuwan da ake yabon mace da su.

Jirgin Ƙasa, Kwano da Keken Ɗinki

A shekarar da Barth ke zagaya kasuwar Kurmi, wato 1851, a can Amurka Isaac Singer ya yi rajistar keken ɗinkinsa. Sai da aka ɗauki shekara 60 kafin hanyar da za ta haɗa waɗannan duniyoyi biyu ta buɗe sosai, lokacin da layin dogo ya iso Kano a 1911. Jirgin da ke kwasar gyaɗa da fata zuwa Ikko shi ne ke dawowa da atamfa, da kwanuka, da gadajen ƙarfe, da kekunan ɗinki zuwa kantunan Turawa da na Kwarori. Kuɗin gyaɗa ya shiga hannun talaka, ɗakin amarya kuma ya fara sauya kama.

Kwano ne ya fara ture ƙwarya daga jere. Tasa ta tagulla dama tana nan a ɗakunan masu hali, amma langa da fanteka da samira masu zanen furanni su ne suka kai ga kowa, musamman bayan da 'yan kasuwa daga Hong Kong suka kafa masana'antun kwano a Kano da Ikko a shekarun 1960. 'Yan jere sukan ɗora su bisa juna har su kusa taɓa rufi. Baƙo kan ɗauka ado ne kawai, alhali kuwa asusu ne. Mace takan tara kwanukan da kuɗin adashi da na sana'ar cikin gida, ba ta cin abinci a mafi yawansu, tana goge su tana adanawa. In bukata ta taso ta sayar da saiti ɗaya, in 'yarta ta isa aure ta sauke mata rabi. Wanda ya huje kuwa akwai mai liƙi da ke toshe shi da darma. Gyartai ya ragu, amma aikinsa ya koma hannun wani.

Haka gadon ƙarfe mai rumfa, irin wanda kamfanin Vono ya yi suna a kansa. Gado ne da uwa kan kwanta a kai shekara ashirin, a kankare tsatsarsa, a sake masa fenti, a kai ɗakin 'yarta. Katifar audugar rimi in ta kwanta, sai a farke ta, a shanya audugar, a buge ta, a mayar cikin sabuwar riga. Hatta gwangwanin madara bai tsira ba, maƙera sun mai da shi fitilar aci-balbal.

Keken ɗinki shi ne ya kawo sauyi mafi zurfi ga mata. A da ɗinki aikin maza ne. Malamai da almajirai ne suka fi riƙe allura, su ne masu aska biyu da aska takwas a kan babbar riga. Mata na da kaɗi. To, da masaƙun zamani suka bayyana, irin su masaƙar Kaduna ta KTL da ta fara aiki a 1957, sai zaren inji ya karya kasuwar zaren mazari, hanyar samun mata da yawa ta toshe. Ba su zauna ba. Suka ɗauki allura suka shiga ɗinkin hula, da kwalliyar zanen gado da rigunan matashi, a birnin Zariya ma har da aikin babbar riga. Waɗanda suka sami hali suka sayi keke, Singer ga mai ƙarfi, Butterfly ta ƙasar Sin ga mai ƙaramin ƙarfi. Keke ya shiga jerin kayan ɗaki, ya bambanta da sauran domin shi kaɗai ne ke mayar da kuɗin da aka saye shi. Da shi matar kulle ke rage wa ƙane rigar wa, ta haɗa ƙyallayen da tela ya zubar su zama zanen gado, ta kuma karɓi ɗinkin maƙwabta ba tare da ta taka ƙofar gida ba.

Kuɗin Mai da Kunyar Tsohon Kaya

Tashin farashin man fetur a 1973, da ƙarin albashin Udoji da ya biyo baya a 1974, sun zuba kuɗi a biranen Nijeriya irin wanda ba a taɓa gani ba. Naira ta fi dalar Amurka daraja. A wannan zamani ne gadon katako ya kori na ƙarfe, katifar soso irin ta Vitafoam, kamfanin da aka kafa a 1962, ta kori ta rimi, kujerun kushin suka kori tabarma, kwanuka suka koma cikin kabad mai gilashi kafin tangaran ya zo ya ture su. Ɗaki ɗaya ya zama ciki da falo, kowanne da nasa kayan.

Sauyin kaya ba sabon abu ba ne, an yi shi a zamanin kwano. Abin da ya zo sabo shi ne sauyin ma'auni. A da ana auna kayan ɗaki da yawansu da ƙarkonsu, yanzu sai aka koma auna su da sabuntarsu da yayinsu. Gadon da uwa ta kwanta a kai, wanda a da albarka ne a ɗakin 'ya, ya zama abin gori a bakin dangin miji. Masu zuwa ganin ɗaki suka zama alƙalai. Faci ya zama shaidar talauci. Hausawa sun ce ƙwarya ta bi ƙwarya, in ta bi akushi ta fashe, amma gasar jere ta sa mai ƙaramin albashi ya shiga bin attajiri, sau da yawa da kuɗin bashi ko na gonar gado.

Akwai kuma asarar da ba a cika lura da ita ba. Kwano asusu ne, kujerar yayi kuwa ba asusu ba ce. Daga ranar da aka shigar da ita ɗaki darajarta ke raguwa. Da allon garin katako da aka matse da gam ya maye gurbin maɗaci da ƙawo a wurin kafintoci da yawa, sai abin ya ƙara muni, domin irin wannan allo in ya sha ruwa kumbura yake yi, in ƙusa ta fita ba ta komawa. An sayar wa mace kayan da ba za ta iya gyarawa ba, ba kuma za ta iya bar wa 'yarta ba.

Komawa ga Gyara

Wadatar ba ta daɗe ba. A 1986 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta shigo da shirin SAP, darajar naira ta faɗi, albashi ya daina kai wata. Kasuwar gwanjo ta bunƙasa, irin ta Ƙofar Wambai a Kano, dilolin tufafi na shigowa ta Kwatano da ta iyakar Nijar duk da haramcin da gwamnati ta sa. Tela ya sami sabon aiki na rage rigar gwanjo ta zauna daidai jikin mai ita. Shirin Better Life na Maryam Babangida, wanda aka fara a 1987, ya buɗe cibiyoyin koya wa mata sana'a, ɗinki na kan gaba. Masaƙun Kaduna kuwa suka yi ta durƙushewa, KTL ta rufe a 2002.

Sai dai bukatar gyara ta dawo, mutuncinsa bai dawo tare da ita ba. Ana yi ana ɓoyewa. Nauyin kayan ɗaki ya ci gaba da jinkirta aure, har ta kai gwamnati ta sa hannu. A 2012 gwamnatin Kano ta fara aurar da zawarawa ta hannun Hukumar Hisba, a watan Oktoba na 2023 kuma ta ɗaura auren ma'aurata 1,800, a duka biyun kuwa gado da katifa na cikin abin da gwamnati ta ɗauki nauyi. Malamai sun sha tunatarwa cewa a shari'a miji ne ke da alhakin tanadar wa matarsa wurin zama da abin bukata, amma al'ada ta fi ƙarfin tunatarwar. In har sai hukuma ta sayi gado kafin aure ya yiwu, to al'adar jere ta wuce gona da iri.

Cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, da sakin naira da ya sa dala ta haura naira 1,500 a farkon 2024, sun ƙara tura mutane wurin kafinta. Aikin da yake yi a yau jikan aikin gyartai ne. Yakan kware tsohon yadin kujera, ya duba ƙashin katakon, ya ɗaure inda ya saki da gam da ƙusa, ya sauya soson da ya mutu, ya ja sabon yadi. Gado da sif kuwa sai ya goge tsohon fenti har fatar itacen ta fito, ya cike ramuka, sannan ya fesa sabo. Uwar amarya ta sayo yadi a Kantin Kwari ta ɗinka labule da zanen gado da kanta. Dillaliya, wadda a da ke yawo da ƙunshi a ka, yanzu da waya take tallar kayan da aka yi amfani da su. Kafintoci sun san abin da masu saye da yawa ba su sani ba: tsohon gadon maɗaci da aka sabunta ya fi sabon na garin katako nisan kwana.

Kammalawa

Ƙwarya ta ba kwano wuri, kwano ya ba tangaran, mazari ya ba keke, gyartai ya ba mai liƙi da tela da kafinta. A duk waɗannan sauye-sauye hannun mai gyara bai taɓa barin ɗakin Bahaushiya ba, sai dai a wani ɗan zamani na kuɗin mai an koya mana jin kunyarsa. Wannan zamani ya wuce tun 1986, kunyar ce kawai ta yi saura, tana cin gonaki tana tsayar da aure. Uban da ya kai gadon matarsa wurin kafinta domin 'yarsa bai kauce wa al'ada ba, ya koma ne ga wadda ta fi tsufa. Abin da ya rage shi ne masu zuwa ganin ɗaki su san wannan tarihi, domin a bakinsu gorin yake, kuma ranar da suka yaba wa gyararren gado a gaban dangin miji, ranar ce uba zai aurar da 'yarsa bai ci bashi ba.