PGDE da Matsalar Gwajin Koyarwa

Tun da Dokar Soja mai lamba 31 ta 1993 ta kafa Hukumar Rajistar Malamai ta Najeriya, wato TRCN, wanda ya yi digiri a lissafi ko kimiyya ba ya zama cikakken malami a idon doka sai ya ƙara da takardar koyon aikin malanta. Hanyar da akasari ake bi ita ce PGDE, kwas na kimanin shekara ɗaya da ake yi a jami'o'i irin su Ahmadu Bello da Bayero, da kuma Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna. Manufar ba ta da aibu. Inda gizo ke saƙa shi ne yadda ake kasafta wannan shekarar.

Mafi yawanta na tafiya ne a zauren lacca: tarihin ilimi, falsafarsa, halayyar ɗan Adam, dabarun auna fahimta. Duk suna da amfani, amma ba su ne ke ceton malami a gaban allo ba. A 1986 Lee Shulman na Jami'ar Stanford ya nuna cewa sanin fanni daban, sanin yadda ake shigar da shi kan yaro daban. Ɗauki ɗalibin ƙaramar sakandare da ya tara 1/2 da 1/3 ya samu 2/5. Mai digirin lissafi zai ja masa jan biro ya wuce. Ƙwararren malami kuwa zai gane cewa yaron ya bi wata ƙa'ida ce da ya ƙirƙira, ya tara sama da sama, ƙasa da ƙasa, sai ya tambaye shi: ta yaya aka ƙara wa rabi wani abu, amsa ta fito ƙasa da rabi? Irin wannan ido a aji ake samunsa, kusa da wanda ya daɗe yana aikin.

A Ingila mai neman PGCE na sakandare, wato takwaran PGDE a can, yakan shafe kwana 120 a makarantu. A nan Najeriya gwajin koyarwa 'yan makonni ne, kuma sau da yawa mai duba ɗalibi yakan leƙo sau ɗaya ko biyu, ya duba littafin shirin darasi, ya ba da maki. Wasu ma a makarantar da suke aiki tuntuni suke yinsa, babu mai gyara musu.

A ganina ya kamata rabin kwas ɗin ya koma makaranta, a haɗa kowane ɗalibi da gogaggen malamin fanninsa, a biya malamin alawus, a kuma sa rahotonsa cikin sakamakon ƙarshe.