Waziri Junaidu: Malamin Makaranta Kuma Masanin Tarihin Daular Usmaniyya

An haifi Malam Junaidu a birnin Sakkwato a shekarar 1906, shekara uku bayan Turawan Ingila sun ci garin. Mahaifinsa shi ne Waziri Muhammadu Buhari, jikan Gidado ɗan Laima, wazirin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kuma mijin Nana Asma'u 'yar Shehu. Buhari ya rasu a 1910, don haka Junaidu ya tashi maraya a hannun dangi. Karatun allo da na zaure ya yi, ya ƙware a nahawu da fiƙihu da adabin Larabci.

A 1934 aka ɗauke shi malami a Makarantar Midil ta Sakkwato, inda ya koyar da Larabci da addini. Daga baya ya koyar a makarantar horar da mata ta garin. A 1948 Sarkin Musulmi Abubakar na Uku ya naɗa shi Waziri, bayan ɗan'uwansa Abbas.

Sarauta ba ta raba shi da alƙalami ba. Gidan Waziri dama shi ne ma'ajiyar wasiƙun da ake musanya tsakanin Sakkwato da sarakunan ƙasashen gabas, irin su Kano da Zazzau da Bauchi. A nan ne kuma aka adana littattafan Shehu da Abdullahi da Bello, da na Gidado kansa. Junaidu ya tattara waɗannan takardu, ya kwafe waɗanda suka fara lalacewa, ya auna su da abin da ya ji daga bakin dattawa. Daga wannan aiki ne ya wallafa Dabt al-Multaƙatat da Larabci. Hausarsa, wato Tarihin Fulani, ta fito a Zariya a 1957. Wannan fassara ba ƙaramin abu ba ce, domin ta fitar da labarin jihadi daga zauren malamai zuwa hannun ɗan firamare da malamin haraji da mai unguwa, duk wanda ya iya karatun boko.

Mutanen kudancin jiha suna da rabo a irin wannan tarihi. Tambuwal, alal misali, mazaunin Muhammadu Buhari ɗan Shehu ne, kuma labarin sarautun wannan yanki har zuwa Kebbe da Fakku yana haɗe da labarin daular. Idan gardama ta tashi a kan asalin gida ko jerin sarakuna, maganar baka kan bambanta daga wannan zaure zuwa wancan, sai a koma ga abin da aka rubuta.

Masu bincike daga waje ma sun sha daga gare shi. Murray Last ya zauna a gabansa a matsayin ɗalibi, kuma littafinsa The Sokoto Caliphate na 1967 ya dogara ƙwarai da takardun gidan Waziri. Haka Jean Boyd, wadda ta rubuta tarihin Nana Asma'u a 1989. A 1971 Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa.

Ya riƙe wazirci kusan shekara 49, a ƙarƙashin Sarakunan Musulmi uku: Abubakar na Uku, da Ibrahim Dasuƙi, da Muhammadu Macciɗo. Allah Ya yi masa rasuwa a watan Janairu na 1997. Hukumar adana tarihi da al'adu ta Jihar Sakkwato, wadda ke ajiye tsofaffin rubuce-rubuce da kayan tarihi, tana ɗauke da sunansa.