Likitocin Tsibirin Rongelap

Ranar 1 ga Maris 1954 Amurka ta gwada bam ɗin nukiliya mai suna Bravo a Bikini, cikin Tsibiran Marshall. Iska ta kwashi tokarsa ta zuba wa mutanen Rongelap, fata ta ƙone, gashi ya zube. Daga 1956 likitocin cibiyar binciken Brookhaven ta Amurka suka riƙa zuwa duba su duk shekara. A 1963 aka fara ganin ƙulli a maƙogwaron yara, da yawa sai da aka yi musu tiyata. Mutanen sun koka cewa an fi damuwa da nazarinsu a kan warkar da su, kuma kukan nasu da hujja. A 1985 suka bar Rongelap suka ƙaura tsibirin Mejatto. Yarjejeniyar 1986 tsakanin Amurka da Tsibiran Marshall ta ware kuɗin kiwon lafiyar tsibirai huɗu da gwajin nukiliya ya shafa, har da Rongelap.