Daga Ƙwaryar Amada Zuwa Allon Waya

A farkon watan Satumba na shekarar 2021 hukumomi suka katse layukan waya a faɗin Jihar Zamfara domin yaƙi da ’yan bindiga. Mu a Zurmi muka yi makonni wayoyinmu ba su da wani amfani sai haska fitila. A cikin wannan shiru ne na zauna a wani gidan suna ina sauraron tsofaffin mata suna jifan juna da habaici, suna yi wa mazajensu zambo, ana ta shewa. Nan na fahimci cewa barkwancin da muke yaɗawa a Facebook da TikTok, wanda muke ɗauka mu muka ƙirƙiro shi, gado ne muka tarar.

Macen Bahaushe ta daɗe da sanin cewa maganar da ba ta faɗuwa gatsau tana faɗuwa cikin raha. Waƙar niƙa da ta daɓe, da habaicin kishiyoyi, da wasan taubasai, duk hanyoyi ne na kai ƙara ba tare da zuwa gaban alƙali ba. Marigayiya Barmani Choge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013, ta fitar da wannan salo daga tsakar gida zuwa kaset. Da kiɗan ƙwarya na amada ta riƙa zuga mata su kama sana’a, tana muzanta raggonci, tana faɗin ɗacin kishi, mata kuwa na dariya suna liƙa mata kuɗi.

Daga baya maganar ta koma takarda. A 1990 Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da littafinta Alhaki Kuykuyo Ne, labarin matar da miji ya wulaƙanta ya kora da ’ya’yanta. Irin waɗannan littattafai, da masu suka suka raɗa wa suna adabin kasuwar Kano, sun sami masoya a ɗakunan amare da makarantun kwana, ana aronsu hannu da hannu. Sun kuma sami maƙiya: a 2007 hukumar A Daidaita Sahu ta gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta ƙona littattafan hikaya a Kano bisa zargin suna lalata tarbiyya.

Da waya ta shigo, sai masoya da maƙiya suka haɗu a fili ɗaya. A watan Oktoba na 2016 ƙungiyar MOPPAN ta kori Rahama Sadau daga Kannywood saboda ta fito a bidiyon waƙa tare da ClassiQ. Magoya bayanta suka cika shafuka da tambaya guda, wani lokaci cikin zolaya, wani lokaci cikin fushi: me ya sa laifin mace kan fi na namiji nauyi a sikelinmu? A Fabrairun 2019 kuwa raha ta kau gaba ɗaya. Wata budurwa ta bayyana a Twitter irin azabar da saurayinta ya gana mata, Fakhrriyyah Hashim ta amsa da alamar #ArewaMeToo, sai mata suka yi ta ba da labarin fyaɗe da duka da suka daɗe suna haɗiyewa. Kafin watan ya ƙare ’yan sanda suka kama ɗaya daga cikin jagororin, marubuciya Maryam Awaisu, a Kaduna, sannan aka sake ta bayan an yi ta ƙorafi.

Masu cewa wannan ɗabi’a ce da aka aro daga Amurka suna da ɗan abin kamawa, domin sunan alamar daga can ya zo. Akwai kuma haɗari na gaske: a intanet ana yanke wa mutum hukunci kafin a ji ta bakinsa, ƙazafi kuma ya fi gaskiya saurin gudu. Sai dai kukan kansa na gida ne. Kakanninmu sun yi shi a bakin turmi, inda katanga ke rufa musu asiri. Abin da ya sauya shi ne masu sauraro: yau maza na ji, hukuma na ji, kuma abin da aka rubuta ba ya gogewa.

Da layi ya dawo, ƙanwata ta nuna wa innarmu wani bidiyon barkwanci na matar da ke kwaikwayon mijin da ya hana cefane amma yake neman ƙarin aure. Inna ta yi dariya har da hawaye, sannan ta ce: “Mu ma mun faɗa, ɗiyata, amma mu ba a san mai faɗi ba.” Ta yi shiru kaɗan, ta tambaya ko yarinyar tana da wanda zai tsaya mata idan aka zo kama ta. Ba mu da amsar da za mu ba ta.